Lukuman Mai Madubi da Zazzaɓin Motar Modibbo

Sati biyu bayan Mardiyya ta fita takaba ta fara suyar waina a zauren gidanta, don yara huɗu aka bar mata, kuma kullum sai sun ci. Gidan yana kan kwana ne, a hanyar da ke fita daga Kontagora zuwa Yawuri, ƙofar zauren kuma ta ba titi gefe. In ta zauna can ciki, mai saye sai ya yi ta sallama ba ta san da shi ba. In ta matso bakin ƙofa, duk mai wucewa ya kalle ta, abin da ba ta saba da shi ba a shekara ashirin na zaman aure.

Wata safiya ta ji ana buga ƙusa a jikin ginshiƙin ƙofar. Da ta leƙa sai ta ga Lukuman, mai rumfar madubi ta tsallaken titi, a tsaye kan benci yana ɗaure wani tsohon madubin bas da waya. Ya ce ta koma mazauninta, in ta fara hango titi ta yi magana. Ya karkata shi, ya ɗaga, ya sauke, har ta ce ya yi. Daga bayan tandarta, cikin duhun zaure, sai ga titi gaba ɗaya har da rumfarsa. Ta ɗebo waina goma ta miƙa masa, ya ci biyu a tsaye, ya ce ta sayar da sauran, madubin dama ya tsage a gefe, ba direban da zai karɓa.

Saboda haka yawancin abin da aka sani a kan Lukuman a cikin wannan madubi Mardiyya ta gan shi. Ragowar kuwa shi ya faɗa da bakinsa, don mutum ne da ba ya iya cin waina bai ba da labari ba.

Mutumin Auna ne, ɗan manoma, Hausarsa har yau tana da ɗan lanƙwasa irin ta wanda ya fara buɗe baki da Kambarci. Yana saurayi ya zo Kontagora ya zama kwandasta a motar kasuwa. Wata uku direban ya sallame shi, domin duk inda aka tsaya, maimakon ya kira fasinja, sai a same shi yana goge madubi da gefen rigarsa. Daga nan ya koma wajen wani mai yankan gilashin taga, ya koyi awo da yanka, sannan ya haɗa abin da ya koya da abin da aka kore shi saboda shi, ya kafa rumfa. Shekara talatin ke nan. Yana yanka madubi daidai da gidansa ya liƙa da gam, yana ɗaure wanda ke rawa, yana kuma zana lambar mota a jikin gilashin don kada ɓarawo ya kwance ya kai kasuwa.

Yana da aƙidoji biyu da duk unguwar ta haddace. Ta farko, wai mota a madubi ake gane ta, direban da bai damu da abin da ke bayansa ba, bai damu da inji ba. Ta biyu kuwa a kan ɗan rubutun Turancin nan ne da ke ƙasan madubin wasu motoci. Wani malamin makaranta ya taɓa fassara masa, ya ce ana nufin abin da kake hangowa a nan ya fi kusa da yadda kake zato. Tun daga ranar Lukuman ya yanke hukunci cewa Turawa ma sun san da mutuwa, shi ya sa suke rubuta wa kowane direba tunatarwa. Ko a zaman makokin mijin Mardiyya sai da ya kawo wannan magana. Liman ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya ce a shafa Fatiha.

Fiye da rabin masu zuwa rumfarsa Fulanin rugage ne. Hanyar daji ba ta barin madubi ya tsufa, in reshe bai ɗauke shi ba, ƙahon sa ya ɗauke shi. Su kuma waɗannan mutane ba kowa suke bi ba sai Modibbo Zaidu, wani dattijon dillalin shanu daga wajen Zugurma, dogo, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta ƙare. Inda ya kai babur ɗinsa nan kowa ke kaiwa. Inda ya daina zuwa kuwa ba ya zagi, ba ya faɗa, sai dai mai wurin ya wayi gari ya ga ba sauran makiyayi mai sanda a ƙofarsa.

Da daminar bara Modibbo ya gaji da hayar manyan motoci, ya ce zai sayi a-kori-kura babba wadda za ta ja 'yar tirelar shanu. Ya koyi tuƙi da girmansa, kuma ba ya yarda wani ya riƙe masa sitiyari. Ranar da zai je ganin motar wajen dila, Lukuman ya ɗauka, bai ɗauki makaniki ba. Tokumbo ce ja, ƙatuwa, ba a daɗe da shigo da ita ba. Lukuman ko bonet bai kalla ba, kai tsaye ya nufi madubai, ya tsaya kamar wanda ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Kowanne yana kan dogon hannu na ƙarfe, in ka ja sai ya ƙara miƙewa waje, yadda direba zai hango har wutsiyar tirela. Kowane gida kuma madubi biyu ne, babba a sama, ƙarami mai tudu a ƙasa don ganin taya. Ya ja, ya mayar, ya shafa, ya hura, sannan ya ce wa Modibbo ya saya, in ta ba shi kunya to shi Lukuman ne ya ba shi.

Shi ma Modibbo ta kwanta masa. Ja ce, ga abubuwa biyu sun baje hagu da dama, sai ya sa mata suna Rahaji, sunan jajayen shanun nan masu manyan ƙahoni. Madubin kuwa bai taɓa kiransu madubi ba, kunnuwa yake cewa.

Kwana tara bayan haka, ranar Laraba da safe, an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, Mardiyya ta ga jar motar ta tsaya gaban rumfar. Modibbo ya fito ya gaisa da Lukuman gaisuwa ɗaya tak. Nan ta san akwai magana, don mutumin da kan tambayi lafiyar gida da yara da aiki da gajiya da ruwa, yau ya tsaya a kan ina kwana. Ya kama hannun Lukuman ya ɗora a kan gilashin dama. Ya ja shi suka zagaya, ya ɗora a na hagu.

"Ka ji?" in ji Modibbo.

"Da ɗan zafi, ranka ya daɗe."

"Babu rana, ɗan Auna. Zazzaɓi take yi."

Duk wanda ya zauna da makiyaya ya san haka suke yi. Kafin su dubi idon saniya ko bakinta, kunne suke fara kamawa. Modibbo ya ce shi ba zai loda lafiyayyun shanu a bayan marar lafiya ba. Ran Asabar akwai kasuwa, yana da bijimai shida da ya yi alkawarin kaiwa kara. In an sauko daga Juma'a zai dawo. In ta warke, alhamdu lillahi. In ba ta warke ba zai koma hayarsa, kuma in mutanensa suka tambaye shi zai gaya musu gaskiya, cewa idon ɗan Auna ya tsufa. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye makulli a kan benci, ya tare acaɓa, ya tafi.

Lukuman ya fara da tsumma da ruwan randa. Ya shafa, gilashin ya huce, ya yi murmushi, ya tayar da mota, kafin ya gama wanke hannu zafi ya dawo. Ya kashe, ya huce. Ya tayar, ya dawo. Da hantsi rana ta ɗan leƙo, sai ya ce bari a cire ta daga zargi, ya aro malafa biyu wajen mai sayar da rake ya kifa wa kowane madubi ɗaya. Mardiyya ta ɗaga kai daga tanda ta ga jar mota sanye da malafa biyu tana rurin inji, sai da waina uku suka ƙone.

Muntasir makaniki ya zo ya duba lagireto, ya duba mai, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce inji lafiyarsa ƙalau, daga ƙofa zuwa waje kuma ba yankinsa ba ne, a kira mai rewaya, mai gyaran wayoyin wutar mota. Amma Lukuman da mai rewayar layin ba sa magana shekara shida, tun ranar da ya ce a gaban jama'a wai gyaran madubi ba sana'a ba ce, kayan kwalliyar amare ne. Lukuman ya ce gara ya rufe rumfar.

Ran Alhamis ya yi abin da yake gudu, ya sa siririn ƙarfe ya ɓamɓaro gilashin. A bayansa sai ga wata baƙar takarda a manne, da zane-zane sirara kamar jijiyoyi, da wayoyi biyu sun shige cikin hannun ƙarfen. Shekara talatin bai taɓa ganin madubi mai jijiya ba. Ya ɗauko filaya zai yanke, ya tsaya, ya ajiye. Ya ce wa Muntasir in ya yanke kuma motar ta daina gani gaba ɗaya fa? Ya mayar da gilashin yadda yake. Da la'asar wani mai babur ya kawo saƙo daga ruga, kwalba ce cike da jiƙon sassaƙe, wai Modibbo ya ce a shafa a gindin kunnuwan safe da yamma. Lukuman ya jira sai da titi ya ɗan yi sauƙi, ya duba hagu da dama, ya shafa, don a cewarsa saƙo amana ne. Direbobin tasha sun gani duk da haka. Daga nan duk wanda zai wuce sai ya rage gudu ya leƙo ta taga ya ce, "Likita, ya mai jiki?"

Ranar bai tsallako cin waina ba. Tun da Mardiyya ta fara suya ba a taɓa yin haka ba, ko ranar da ya yi ciwon haƙori ya zo ya tauna da gefe ɗaya.

Duk Juma'a da safe Mama Alice kan zo sayen waina ta jikokinta. Tsohuwar nas ce, 'yar wajen Zuru, ta yi ritaya, kuma ta taɓa zuwa Kanada wata huɗu lokacin da 'yarta Happiness ta haihu. Mardiyya ba mai tsoma baki a sha'anin maza ba ce, amma tana zuba waina a roba sai ta ji bakinta ya ce, "Mama, ke da kika yi aikin asibiti, ga marar lafiya can an rasa kansa." Ta ba ta labari a taƙaice.

Mama Alice ta tsallaka titi da robarta a hannu. Ta sa a tayar da motar, ta taɓa gilashin, ta leƙa ciki, sai ta fara dariya, ta yi ta yi har ta zauna a kan benci tana share hawaye da bakin gyale. Da ta samu numfashi ta ce wannan mota daga ƙasar sanyi ta fito. A can ƙanƙara kan daskare a jikin madubi, direba ba ya ganin komai, shi ya sa ake sa masa abin ɗumamawa a baya, irin motar surukinta ke nan. Ta nuna masa wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari, mai hoton akwati da layuka uku a karkace suna tashi, ɗan haske ruwan ɗorawa yana ci a jikinsa. Ta danna, hasken ya mutu. Kafin ta gama cin waina biyu daga cikin na jikokinta, gilashin ya yi sanyi, inji kuwa yana ta aiki.

Lukuman ya je gida ya yi wanka, ya saka babbar rigarsa ta Sallah, ya tafi masallaci. A hanya ya biya ta ƙofar mai rewaya ya wuce a hankali, don a gan shi.

Bayan Juma'a hadari ya haɗu, aka fara yayyafi. Modibbo ya iso da dattawa uku, kowa da sandarsa. Lukuman ya riga ya tayar da mota, ya tsaya gefe ya harɗe hannuwa a baya. Modibbo ya ɗora tafinsa a kan gilashin dama. Ya daɗe bai ɗauke ba. Ya zagaya ya taɓa na hagu. Dattawan suka taɓa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ya yi salati a hankali ya cire hularsa.

"Ɗan Auna," in ji Modibbo, "me ka yi mata?"

"Zafin ya sauka, ranka ya daɗe."

"Ya sauka duka. Saniya in kunnenta ya yi zafi, magani muke nema. In ya yi sanyi haka, wuƙa muke nema kafin ta zama mushe."

Lukuman ya nuna masa motoci biyu da ke gefe, ya ce a taɓa nasu, duk da sanyi. Modibbo ya ce waɗancan haka aka haife su. Wannan da ɗuminta ya kawo ta, a kwana biyu ɗumin ya tafi.

Sai Lukuman ya faɗi gaskiya tun daga tushe, da Kanada, da ƙanƙara, da Mama Alice, da maɓallin. Modibbo ya saurara har ƙarshe kamar yadda ya saba. Sannan ya tambaya, wato ƙanƙara irin ta firji ce ke saukowa ta zauna a kan madubi, kuma mutane suna zaune a garin ba su tashi ba, har suna fita da mota? Ya ce Mama Alice mace ce mai mutunci, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa biyu, bai kamata a jawo sunanta cikin wannan ba. Maɓallin kuwa ya san shi sarai, shi da kansa ya danna shi ran Talata. Hoton hayaƙi ne a jiki, na korar ƙuda ne, kamar wutar da suke hura wa shanu a ruga. Kuma tun da ya danna, ƙuda ko ɗaya bai shiga motar ba. Lukuman ya buɗe baki zai ce ai gilashin ƙofa a rufe yake tuƙi, sai ya ga Modibbo ya miƙo hannu yana neman makulli.

Mardiyya tana kallo a madubinta, ta ga babbar rigar Sallah ta jiƙe a baya, kuma ba yayyafi ba ne kaɗai. Lukuman bai zare makullin ya ba shi ba, bai kuma ce ya hana ba. Can ya ce, "Modibbo, ni ɗan noma ne, ka koya mini. Saniya mai lafiya, kunnenta yaya yake?"

"Da ɗumi. Ba zafi, ba sanyi."

Lukuman ya nemi alfarmar a ara masa carbi. A gaban idonsu ya danna maɓallin, ya tsaya yana jan carbin a fili, Subhanallahi talatin da uku, Alhamdu lillahi talatin da uku, Allahu akbar talatin da uku, dattawan ba su san lokacin da suka fara bin sa ba. Da ya kai ƙarshe ya sake dannawa, hasken ya mutu. Ya ce a taɓa.

Modibbo ya taɓa. Ya kai bayan hannunsa, ya sake taɓawa. A daidai lokacin kuma ɗan gumin ruwan da ya lulluɓe gilashin yana ta janyewa daga tsakiya zuwa gefe, har titin baya ya fito tas, alhali madubin motocin gefe sun yi dishi-dishi. Dattijon da ya cire hula ya mayar da ita, ya ce dabbar da ke busar da jikinta da kanta ba ta da ciwo. Modibbo ya tambaya ko jiƙon an shafa. Lukuman ya ce sau biyu. Modibbo ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar masa da abin da dama ya sani.

A nan aka tsayar da ƙa'ida. Kullum da safe a danna, a ja carbi zagaye ɗaya, a kashe. In ana ruwa a ƙara zagaye. Daga nan Modibbo ya koma gaisuwar da ya bari tun Laraba, ya tambayi gida da yara da aiki da gajiya, ya haɗa har da mutanen Auna.

Mardiyya ta daɗe tana juya wannan al'amari a ranta, tana neman inda ƙarya ta shiga, ba ta samu ba. Lukuman ya faɗi gaskiya an ƙi karɓa, ya kawo wata gaskiyar an karɓa, ga kuma tasbihin da wani bawan Allah ya ƙaru da shi kowace safiya. Sai ta bar maganar.

Ran Asabar bijimai shida suka isa kara, kuma labari ya riga su isa. Kafin wata ya zagayo, duk Bafillacen da zai hau motar haya sai ya fara kai hannu ya taɓa madubi. Direbobin da ke tambayar mai jiki suka koma ajiye fulas ɗin ruwan zafi a ƙarƙashin kujera ranar kasuwa, don ɗumama madubi. Biyu daga cikinsu har rumfar suka zo suna tambaya ko ana iya dasa wa mota jijiya. Lukuman ya tura su wajen mai rewaya, ya ce su gaya masa inda suka fito.

Shi ma bai tsira ba. Mai sanda zai zo sayen madubin babur, ya ɗauka, ya kai kuncinsa, ya ajiye, ya ce a kawo mai ɗumi. Lukuman ya yi bayani har muryarsa ta dushe, cewa babur ba shi da maɓalli, kuma madubin da ke cikin kwali ba a jikin komai yake ba balle ya yi jini. Su gyaɗa kai, su ce sun gane, sannan su sake cewa a kawo mai ɗumi.

Wata safiyar kasuwa Mardiyya ta hango shi yana tsallako titi rungume da kwali. Ya yi sallama, ya ajiye a bakin zaure, ya tsuguna, ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo irin ta wanda ya zo da buƙata. Ya ce so yake ta bar shi ya riƙa jera madubansa kusa da murhunta duk ranar kasuwa. Ta ce masa wannan ba algus ba ne? Ya rantse ya gaya wa masu sayen komai, har zauren ya nuna musu da yatsa, sun ce sun san zai huce kafin su fita gari, su dai ba sa son su karɓe shi da sanyi daga hannun mutum.

"Gefen murhun kawai, Maman Umaima, inda toka ba ta kaiwa," in ji shi, yana kiranta da sunan 'yarta. "Kuma don Allah in kin juya waina ki riƙa juya su, kada na dama ya fi na hagu."